Wasiƙa Zuwa ga Auta Kan Dukiyar Marayunmu

Kano,
Oktoba, 2025.

Zuwa ga ƙanena Auta,
a Dareta, ta hannun direban Anka.



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Ka ce mata saƙonta na daddawa da kuka ya iso, yara sun gode, suna yi mata addu'a. Yaya kaka? Na ji an ce gero ya yi kyau a gonakin da aka samu damar nomawa. Allah Ya sa a kwashe lafiya, Ya tsare ku a gida da daji, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar da muka fara a waya layi ya yi ta yankewa. Abin da na fahimta, ka sayar da ragowar shanun marigayi Yaya Babba, kuɗin suna banki, kuma kai ma ka tara wani abu daga cinikin zinariya. Ka ce wani abokin harkarka ya nuna maka manhaja a waya wadda ke biyan talatin cikin ɗari duk wata, sannan ka tambaye ni wannan hannun jarin da kake jin ina faɗa, yaya yake, ko ya dace da kuɗin marayu. Magana irin wannan ta fi ƙarfin waya. Na ga gara in rubuta, ka karanta a natse, ka maimaita, ka kuma karanta wa uwar yaran, don da haƙƙinta a ciki.

Da farko, sayar da shanun nan daidai ka yi, kada kowa ya sa maka nadama. Ka tuna yadda Baba, Allah Ya jiƙansa, ya tsara arzikinsa: shanu a garke, hatsi a rumbu, gona a fadama. A zamaninsa wannan shi ne hankali, in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya tare. Amma duka ukun a ƙasa ɗaya suke, tafiyar yini ba ta raba su. Da daji ya lalace, masifa guda ta iske su tare: aka kore shanu, gona ta gagari zuwa, rumbu ya zama abin da ake kwana ana fargaba a kai. Zinariyar da muka koma wa ita ma a nan take. Kana gani a watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba a ɗage hanin ba sai Disambar 2024. 'Yan'uwanmu na Gummi kuwa ruwa ne ya shiga musu a Agustan 2024, ya haɗa gida da gona ya tafi da su. Saboda haka shawarata ta farko, wani kaso na dukiyar yaran nan ya zauna nesa da Dareta, inda bindiga da ambaliya da dokar haƙa ba za su same shi rana ɗaya ba.

Sai dai barin kuɗin a banki haka kawai shi ma asara ce, wadda ba ta ƙara. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ta wuce naira 1,500 a 2024. Kai da ke auna wa gida masara ba sai an karanta maka alƙaluma ba. Ga kuma zakka, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya tana hawa kan dukiyar maraya kamar yadda take hawa kan ta babba. Shi ya sa Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, Nana A'isha kuma takan bai wa 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya musu. Juyawa ita ce abin da ya kamace ka. Abin tambaya shi ne a ina, kuma ta yaya.

Manhajar abokinka kuwa, amsata a'a ce, ba ta da kwana-kwana. Ba na zargin shi abokin naka, mai yiwuwa an biya shi wata ɗaya ko biyu, ya ga gaskiya ce. Haka abin yake tafiya: kuɗin na baya ake ɗauka a biya na gaba, ranar da sababbin shiga suka ragu a rufe ƙofa. MMM ta yi wa mutane haka a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, har da masu ilimi da ma'aikatan gwamnati a cikin waɗanda suka yi kuka. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da saniyar maraya. Babu wata sana'ar halal a ƙasar nan, ko siminti ko sukari ko man fetur, da ke haifar da talatin cikin ɗari kowane wata ba fashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mu mutanen Dareta bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba. Ka tuna 2010, kana saurayi. Farashin zinariya ya tashi, aka riƙa kwaso dutse daga rami ana shigowa da shi cikin gida. Mata na daka a tsakar gida, injin niƙa na tashin ƙura, yara na rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Kowa zinariyar yake gani, babu wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Sai da yara suka fara suma da jijjiga, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin a watan Maris, aka buɗe wurin jinya a Anka da Bukkuyum, aka zo aka kankare ƙasar gidajenmu da fatanya aka kwashe. Yara sama da 400 suka rasu tsakanin Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da maƙwabta, Bagega ma ba a share ta ba sai 2013. Allah Ya jiƙan yaranmu. Na tuno maka wannan ne da ciwo a raina, don jari ma haka yake: duk abin da za ka shigo da shi gida saboda ribar da ke sheƙi a samansa, sai ka san abin da ke cikinsa. Kafin ka saka ko naira ɗaya a ko'ina, ka samu amsar tambaya uku. Wace sana'a ake yi da kuɗin? Wa ke riƙe da su, kuma yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari? In na buƙaci kuɗina, ta wace hanya za su dawo, cikin kwana nawa? Wanda ya fara kame-kame a ɗaya daga ciki, ka yi masa sallama.

Yanzu ga hannun jari. Kamfani ne ake kasa mallakarsa ƙanana-ƙanana, duk wanda ya sayi kaso ya zama yana cikin masu shi gwargwadon abin da ya saya. Kasuwar da ake cinikin tana Legas, an kafa ta a 1960, yau ana ce mata NGX. Kamfanonin ba baƙi ba ne a wurinka. Simintin Sakkwato da ake yi a Kalambaina, wanda muka taso ana gini da shi, yanzu yana cikin BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2020. Dangote Cement yana ciki tun 2010. Akwai Dangote Sugar, akwai NASCON masu gishiri, akwai BUA Foods, akwai MTN da ta shiga a 2019, akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ya shiga kasuwar a 2017. Amfanin mai hannun jari ta hanya biyu yake zuwa. In kamfani ya ci riba, yakan raba wani ɓangare ga masu shi, a cire harajin kashi 10 cikin ɗari, saura ya faɗo asusunka na banki. Sannan in kamfanin yana bunƙasa, farashin kasonka yakan tashi. Hanya biyun nan babu wadda aka yi maka alkawarinta. Wata shekara a raba, wata shekara a ce babu, kuma farashi yadda yake hawa haka yake sauka.

Na san Inna za ta fara tambayar halaccinsa, kuma ta yi gaskiya. Malaman da suka yi nazarin harkar sun sa sharuɗɗa. Sana'ar kamfanin ta zama halal, wato ban da bankunan kuɗin ruwa, da kamfanonin giya da taba da caca da inshorar da aka saba. Bashin ruwan da ke kansa kada ya yi yawa, abin da ke shigo masa ta hanyar ruwa kuma ya zama ɗan kaɗan, shi ma a lissafa a fitar da shi sadaka. Ba sai ka yi wannan tankaɗe da kanka ba. Tun 2012 kasuwar tare da kamfanin Lotus Capital suke fitar da jerin kamfanonin da suka cika sharuɗɗan, ana sake duba jerin lokaci-lokaci, wani ya shiga wani ya fita. Daga cikin wannan jeri za mu zaɓa.

Kafin in gaya maka yadda za a raba kuɗin, sai ka ji abin da ya faru a 2008, don wanda bai san shi ba bai san kasuwar nan ba. A 2004 Babban Banki ƙarƙashin Charles Soludo ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Suka bazama neman kuɗi wurin jama'a. A nan Kano har cikin Kantin Kwari da Sabon Gari ake bin 'yan kasuwa da fom, farashi kullum sama yake yi, wasu bankunan har bashi suke ba mutum ya sayi hannun jari. A farkon Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000. Kafin shekara ta zagayo ya zube zuwa wajen 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana guda. A 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi hannu rabbana. Ma'aunin nan bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a 2023, shekara 15 ke nan, alhali dalar da take wajen naira 118 a wancan lokaci ta ninka sau da yawa. Waɗanda suka fi shan wuya iri uku ne: wanda ya ci bashi ya saya, wanda ya zuba komai a banki ɗaya ko biyu, da wanda ya saka kuɗin da zai buƙata kusa, dole ta sa ya sayar a ƙasa. Wanda ya rarraba a kamfanoni masu sana'ar gaske, ya ci gaba da karɓar rabon riba yana ƙara saye da araha, shi ya fita da sauƙi.

Na faɗi wannan ne don yanzu ma kasuwa tana kan ganiya. Ta tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari a 2023, da wajen 38 a 2024, ma'aunin ya wuce maki 100,000 tun Janairun 2024. A irin wannan lokaci kowa gwani ne, kowa yana da labarin wanda ya ninka kuɗinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, ga yadda nake ganin a kasa kuɗin yaran. Ma'aunin shi ne yaushe za a buƙaci kowane kaso.

Kaso na farko, kamar ashirin cikin ɗari, na buƙatar shekara ɗaya zuwa biyu ne: kuɗin makaranta, asibiti, sutura, abinci in damina ta ƙi. Wannan ya zauna a asusun ajiya na bankin da ba ya harka da ruwa, irin su Jaiz ko TAJ ko Lotus, inda za a iya cirewa ko yaushe. Kada ya shiga hannun jari ko da wasa. Ka kuma sani hukumar NDIC tana lamunin ajiyar mutum har naira miliyan 5 ne a banki ɗaya. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu ƙasa da haka aka fara biya, masu sama da haka suka shiga jiran abin da ya haura. In ajiyar ta wuce wannan adadi, a raba ta banki biyu.

Kaso na biyu, kamar arba'in cikin ɗari, na abin da ke tafe nan da shekara uku zuwa bakwai ne, kamar shigar babbansu jami'a da auren yayarsu. Wannan kason sukuk ne ya dace da shi, wato jarin da ake karɓar haya a kansa ba ruwa ba. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a Satumbar 2017 ta hannun ofishin kula da basussuka, DMO: naira biliyan 100, aka yi aikin hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan, masu kuɗin suna karɓar haya ta kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, ana biya duk wata shida, bayan shekara bakwai aka mayar musu da uwar kuɗinsu a 2024. Da naira 10,000 ma ana shiga. Allunan da kake gani a bakin manyan hanyoyi an rubuta Sukuk, su ne wannan. In ba lokacin fitarwa ba ne, ana saye a kasuwa ta hannun dillali, ko a shiga asusun haɗaka mai sayen sukuk zalla, wanda bayaninsa ke tafe. Aibinsa ɗaya: nairar da aka mayar a 2024 ba ta sayen abin da ta saya a 2017. Yana tsare adadi, ba ya tsare daraja gaba ɗaya. Shi ya sa ake buƙatar kaso na uku.

Kaso na uku, ragowar arba'in ɗin, na ƙananan ne, waɗanda sai nan da shekara goma ko fiye za a damƙa musu haƙƙinsu. Wannan shi zai shiga hannun jari, don kamfanin siminti ko na abinci in kaya sun yi tsada shi ma yakan ƙara farashi, ribarsa ta bi sawu. Mafi yawansa ina so ya tafi asusun haɗaka. Ma'anarsa mutane da yawa su tara kuɗi, ƙwararru masu lasisi su saya musu kamfanoni iri-iri, kadarar kuma tana hannun wani mai ajiya daban, ba a aljihun manajan ba. Akwai na halal da suka daɗe, irin Lotus Halal da aka fara a 2008, da Imaan na Stanbic IBTC. Ba talla nake yi wa kowa ba. Za mu zauna mu duba abin da kowanne ya yi a shekara biyar da suka wuce, da ladan da yake cira duk shekara, da kwanakin da yake ɗauka kafin ya biya mai son fita. Ɗan abin da ya rage a sayi kamfani huɗu ko biyar kai tsaye, masu sana'a daban-daban. In ka sayi kamfanin siminti uku, sana'a ɗaya ka saya, ranar da gini ya tsaya tare za su kwanta.

Naka kuɗin kuwa, tsarin ɗaya ne, sai dai kada ka taɓa jarin cinikinka, rarar kawai za ka saka. Na san zuciyarka tana ce maka ka ajiye zinariya tunda ta haura dala 3,000 kowane oza a 2025. Ka riƙe kaɗan in kana so, amma ka tuna abincinka na yau da kullum ya riga ya rataya a kanta. Ta kai wajen dala 1,900 a 2011, ta sauko kusa da 1,050 a ƙarshen 2015. Ranar da ta faɗi, kada cinikinka da ajiyarka su faɗi tare. Abu mafi girma kuma, kada kuɗinka da na marayu su haɗu a asusu ɗaya, ko na kwana ɗaya, ko da niyyar aro. Ka san gargaɗin da ke farkon Suratun Nisa'i. Ana buɗe wa yaro asusu da sunansa, kai kana matsayin waliyyi. Haka za a yi wa kowannensu gwargwadon rabonsa na gado, kason uwarsu kuma a ba ta, ita ke da iko da abinta.

Kula da jarin ba shi da wuya in an bi ƙa'ida. Saye ta hannun dillali mai rajista ake yi, sunayensu suna shafin hukumar SEC. Shi zai buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe da lissafin hannun jarin kowa, a ba ka lamba taka. Duk cinikin da ya yi maka, ka karɓi takardar shaida mai nuna adadi da farashi da lada, sannan lokaci-lokaci ka nemi bayanin asusunka daga CSCS ka gwada da abin da dillali ya ce. Kada a zuba kaso na ukun nan rana ɗaya. A kasa shi, a riƙa saye duk wata ko duk wata uku har shekara ta zagayo, yadda in an sayi wani da tsada za a sayi wani da sauƙi. Rabon ribar da ya shigo, in ba a buƙace shi ba, a mayar da shi ciki.

Dubawa sau biyu a shekara ta isa, bayan kaka da kuma gab da damina. Abin da za ka duba: kason nan uku suna nan yadda aka tsara? In hannun jari ya kumbura ya wuce rabonsa, a rage a kai sukuk. In ya faɗi ƙwarai alhali kamfanonin lafiyarsu ƙalau, a ƙara. Yayin da yaro ke matsowa lokacin buƙatarsa, a riƙa janye nasa daga hannun jari zuwa inda ba ya girgiza. Sayarwa dalili uku gare ta: buƙatar da aka yi tanadin dominta ta zo, ko kamfani ya fita daga jerin halal, ko sana'arsa ta lalace lalacewar da ba ta gyaruwa. Faɗuwar farashi kaɗai ba dalili ba ce. Dubi MTN. A Disambar 2021 ta sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169, mafi ƙaranci guda 20. Da naira ta karye, kamfanin ya yi asara a 2023 da 2024, rabon riba ya tsaya, mutane da yawa suka tsorata suka sayar. Amma jama'a ba su daina kira da sayen data ba, a 2025 ya koma cin riba, farashinsa ya farfaɗo. Yawan shiga da fita kuma dillali yake yi wa kiwo, don tsakanin saye da sayarwa abin da ya kai naira uku ko huɗu cikin ɗari na iya tafiya a lada da haraji. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata asarar da ba kasuwa ke jawo ta ba, ita ce ta mantuwa. Ka tuna da aka buɗe akwatin ƙarfen Kawu bayan rasuwarsa? Ƙarƙashin rigunan saƙi, cikin leda, muka tarar da takardun shaidar hannun jari masu ado a gefe, sun yi ja don daɗewa, da takardun rabon riba da aka aiko ta gidan waya, ba a taɓa kai ko ɗaya banki ba. A wata an rubuta sunansa da harufan Turawa iri ɗaya, a wata iri daban, a ta uku ma sunan garinsu aka sa a madadin na mahaifinsa. Iyalinsa ba su taɓa jin yana da su ba. Ka san wahalar da 'ya'yansa suka sha tsakanin kotu da masu rajista, wasu takardun ma kamfanoninsu sun daɗe da mutuwa. Kawu ba shi kaɗai ba ne. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Don haka sunan da ke kan NIN da BVN shi za a rubuta a ko'ina, harafi da harafi. A cike fom ɗin da ke sa rabon riba ya faɗa asusun banki kai tsaye. Sannan ka sayi littafi mai kauri, ka rubuta komai: ranar sayar da shanu, nawa aka samu, rabon kowane yaro, inda aka kai, lambar asusu, abin da aka cire da dalilinsa. Mutum biyu amintattu su sa hannu, Liman da ɗaya daga dangin uwar yaran. Kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurinta, ɗaya a nan Kano. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta mu'amalar kuɗi ta sauka. Rubutun nan kariya ce gare ka ranar da yaran suka girma suka tambaya, kuma kariya ce gare su in ta Allah ta kasance a kanmu.

Wata magana kuma sai ka riƙe ta tsakaninmu. Wayar da kake bin hanyar Anka da Bagega da ita, kada ta ɗauki manhajar jari ko saƙon banki mai nuna abin da ke asusu. Ka san in an tare mota waya ake fara dubawa. A sami layi daban na wannan harka, ya zauna a gari wurin wanda ka amince da shi. A majalisa kuma kada a ji daga bakinka. Ka kuma tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuyar gani. 'Yan kuɗin cefane na wata ɗaya da hatsin da zai kai ku wata kaka su kasance a hannu kullum, kada a ce komai sai an taɓa waya.

Zakka kuma kada a yi mata sakaci. Nisabi dinari ashirin ne, wajen giram 85 na zinariya, kai ka fi ni sanin kuɗinsa a yau, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Na kowane yaro daban ake lissafawa. Malamanmu sun bambanta hukuncin ɗan kasuwa mai jujjuya haja kullum da na mai ajiye ta yana jiran kasuwa, kuma wannan ya shafi yadda ake fitar wa hannun jari. Ka kai wa Malam littafin ya duba ya faɗa mana, mu bi abin da ya ce.

Abin da nake so ka yi yanzu: kada ka motsa kuɗin daga inda suke. Ka karanta wa uwar yaran wannan takarda, ka ji ra'ayinta, in tana da tambaya ka rubuto. Ka haɗa takardun haihuwar yaran da hotunansu, da NIN naka da nata, da takardar rabon gado ta kotu. In an gama kwashe amfanin gona kuma hanya ta yi kyau, mu haɗu a Gusau mu wuce Kano tare, ka zauna da dillalin da kanka, ka yi masa tambayoyin nan uku a gabana. Zuwa da kai ya fi aike. Yaya Babba ya riƙe mu lokacin da ba mu da komai, kai ya sa ka a sana'a, ni ya biya mini makaranta. Abin da ya rage mana mu yi masa shi ne 'ya'yansa su karɓi haƙƙinsu cikakke, da lissafinsa a rubuce.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara, da uwar marayu da 'ya'yanta, da Liman, da Mai Gari, da duk wanda ya tambaye ni. Mutanen gidana suna gaishe ku. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya, Ya ba ka ikon sauke wannan amana, Ya zaunar da Zamfara lafiya.

Wassalam.

Naka,
Yayanka na Kano.